Maɓallan Torsti

Tampere, 3 ga Fabrairu

Yaya Marjatta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Pentti. Ya gwiwar taki da wannan sanyi?

Kin tambayi aiki. To, Torsti, wanda muke koyar da rubuta manhaja tare a makarantar manya, ya sake nuna hali. Zama ya yi da kwamfutarsa ƙirar Mac ya tsara gajerun hanyoyin maɓallai a manhajar da muke rubutu da ita, ya ɗora wa ɗalibai kaf. A tasa kwamfutar lafiya lau. Su kuwa kwamfutoci masu Windows gare su, kuma maɓallan da ya haɗa don buɗe jerin fayiloli su ne muke dannawa a nan Finland mu fitar da alamar {. In babu ita kuwa, aiki bai tafiya.

A ajinsa akwai Raimo, wani dattijo da aka rufe musu kamfanin takarda. Kullum ya danna sai tagar jerin fayiloli ta buɗe masa maimakon alamar, shi kuma kunya ta hana shi tambaya. Ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Sai da na leƙa ajin na gani.

Da na gaya wa Torsti, ko kofin shayinsa bai ajiye ba. Wai, "Haba Outi, wa yake aiki da waɗannan akwatunan yanzu?" Ji fa! Mutumin da makaranta ce ta saya masa tasa.

Ƙanwarki,
Outi

Tampere, 24 ga Fabrairu

Yaya Marjatta,

Ina fatan kun tashi lafiya. Safar da kika saƙa ta iso, na gode.

Gogan naki ya gyara. Ya canza maɓallan, sai ga shi sababbin suna rufe taga a kwamfuta mai Linux, irin wadda nake aiki da ita. Ya sake canzawa, sannan ya aika wa shugabar makaranta dogon saƙo kan yadda ya gano matsala ya magance ta. Har kek aka yanka masa.

Raimo dai ya daina zuwa. Na kira shi na yi masa bayani, na rantse laifin ba nasa ba ne. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Na gode 'yata, ba sai kin rufa min asiri ba."

An ba Torsti ajin sababbin shiga na bazara.

Ki gaida Pentti.

Ƙanwarki,
Outi