An Bar Saje Mamman a Bayan Shinge

Zuwa ga Shugaban kwamitin shirya bikin tunawa da tsofaffin sojoji na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da abokan aiki duka. Yaya gajiyar hidimar jama'a? Allah ya saka da alheri, ya ƙara maka ƙarfin gwiwa, amin.

Ranka ya daɗe, ni ne Kofur Garba mai ritaya, mutumin Damri. Na yi soja a yaƙin basasa, yanzu kuma ina aikin buɗe ƙofofin ruwa a layin ban ruwa na wajen Bakura. Ina rubutu ne a kan kawuna, yayan mahaifiyata, Saje Mamman, da abin da ya same shi ranar bikinku na bana a Talata Mafara. Na kawo maganar a bainar jama'a, ta buɗaɗɗiyar wasiƙa, domin a bainar jama'a abin ya faru.

Ka san shi. Lokacin kana malamin firamare a ƙasar Maradun, kai ne ka riƙa kawo 'yan ajinka zaurensa, su zauna a ƙasa yana ba su labarin yadda suka hau jirgin ruwa zuwa ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu, da yadda ya yi ta amai a cikin teku har ya rantse in ya dawo gida ko kwale-kwale ba zai ƙara shiga ba. Kai da kanka ka fi yaran dariya. Shi ya sa ban ɗauki wannan takarda a matsayin ƙara ba. Tuni ne kawai ga wanda ya san gida.

Na farko, ina so ka san halin da yake ciki tun rabonku. Da aka tare gulbi da madatsa ruwa ya fara hawa, ƙauyensu na cikin waɗanda aka tasa. Ina wurin ranar tashi. Mutane na ta loda gadaje da tukwane da kaji a mota, shi kuwa ya fito sanye da kakinsa, begilarsa rataye a kafaɗa, da ɗan gwangwanin da yake ajiye lambobinsa a hammata. Inna Habsu, matarsa, ta yi ta faɗa wai ya bar mata turmi ya ɗauko ƙarfen busa. Kafin motar ta tashi ya juya ya fuskanci gonar ubansa, ya ƙame, ya busa irin busar da ake yi wa soja in an sa shi a kabari. Babu wanda ya yi motsi har ya gama. Sannan ya ce da mutane su hau, ƙasa ce ta nema, kuma shi bai taɓa hana ƙasa abin da ta nema ba. Da yawa ba su yarda da shi ba, har ni ma a lokacin, amma sun hau.

A sabon mazauni, zaurensa ya zama wurin haɗuwarmu, mu tsofaffin sojojin wannan yanki. Duk bayan girbi mukan taru, kowa ya zo da abin da ya rage masa. Wani tsoho daga Damaga yana da gorar ruwa ta soja wadda har yau ba ta yoyo. Wani daga garin Kaya hoto ne kaɗai gare shi, ya koɗe har ba a gane fuska, amma yakan nuna wani wuri da yatsa ya ce ga shi nan. Matar marigayi Audu direba tana aiko da hular mijinta a ɗora a kan tabarma, ta ce ya zauna cikin 'yan uwansa. Ni ɗamarata nake kawowa. A wurin nan ba na ce masa Kawu, Saje nake ce masa, shi kuma ya ce mini Kofur, ko da yake shi ya goya ni ina yaro.

Na biyu, abin da ya faru ranar biki. Mun ji sanarwa a rediyo cewa ana gayyatar duk wani tsohon soja. Ba a ambaci kati ba. Tun ana saura kwanaki Inna Habsu ta goge lambobin da toka da lemun tsami, ta wanke kakin ta sa masa sitaci, ta ɗinke inda asu ya ci a wuya. Da safe muka hau motar 'yan kasuwa, shi a gaba, ni a baya tare da buhunan albasa. Duk hanya yana tambayar direba ko ba mu makara ba.

Muna isa ƙofar fili mai tsaron ƙofa ya nemi katin gayyata. Na ce ba mu da shi, na nuna masa lambobin da ke ƙirjin tsohon. Ya dubi kakin, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, ya ce shi dai kati aka ce masa. Wasu samari a gefe suka fara dariya, ɗaya ya tambaya ko wasan kwaikwayo za a yi. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya. Sai Kawu ya riƙe mini hannu ya ce, "Ƙyale shi, Kofur. Oda ce an ka ba shi."

Muka zagaya bayan shinge, inda masu tallar gyaɗa da rake suke. Daga nan muna hango rumfa da kujeru, waɗansu ma babu kowa a kansu har aka tashi. Muna hango ka sanye da farar riga kana jawabi, ka ce ƙasa ba za ta manta da waɗanda suka tsaya mata ba. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce mini Malam bai canza ba, har yanzu ya iya magana. Da aka ɗaga tuta aka fara taken ƙasa, ya miƙa mini sandarsa, ya tsaya a kan ƙafafunsa shi kaɗai, ya sara. Bai sauke hannu ba sai da aka gama. Wata mai gyaɗa da ke kusa ta aje farantinta ita ma ta miƙe. Begilar da ya ɗauko don ko za a ce ya busa, haka ya mayar da ita gida.

Na uku, wanda shi ne ya sa ni rubutu. Bai yi ƙorafi ba, ko a mota ko a gida. Da maƙwabta suka zo jin labari, cewa ya yi biki ya yi kyau, sojojin yanzu sun iya fareti. Amma Inna Habsu ta gaya mini tun daga ranar bai ƙara taɓa begilar ba, alhali a da kusan kullum sai ya goge ta. Ya naɗe kakin ya ba ta, ya ce ta ba tela ya yanka wa jikokinsu wanduna, tunda yadin na da ƙwari. Ita ce ta ɓoye shi a ƙasan adaka. Da na tambaye shi ranar da za mu taru a zaure kamar yadda muka saba, sai ya ce a bari tukuna. Abinci ma ya rage ci. Na ga wannan mutum ya bar gidan da aka haife shi bai karaya ba, sai ga shi kati ya karya shi.

Ga abin da nake roƙo. Kada a hukunta mai tsaron ƙofa, Kawu ba zai yafe mini ba in aka yi. A gyara tsarin ne: duk wanda ya zo da kaki ko lamba ko takardar sallama, a buɗe masa ƙofa, haka matan waɗanda suka rasu. A ware musu kujeru a inuwa, a gaba, don yawancinsu ba sa ji sosai. In da hali a tura mota ƙauyuka ta kwaso su, don ba su da yawa, kuma kowace shekara raguwa suke yi.

Babban roƙona kuwa a gare ka ne kai kanka. Ka zo gidansa. Ba sai ka zo da tawaga ko kyauta ba. Ka zauna a zauren, ka ce masa kuskure aka yi, ka tambaye shi ko zai busa muku baɗi. Ni in na faɗa zai ce lallashi ne, daga bakinka kuwa zai yarda.

Da na gaya wa Inna Habsu zan rubuto maka, ta ce in gaishe ka, in tambayi yara. Ta ce kuma in ƙara da wannan, yadda ta faɗa: "Ka ce wa Malam ba hushi mu kai ba. Ya dai yi sauri, tsohon nan ba yaro ba ne."

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora a kan amanar da ke wuyanka, ya shirya maka zuriya. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Wassalam.

Naka,
Kofur Garba mai ritaya, Damri.