Kofin Ɗan Takara

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti da yara. Na ba abokin tuƙinka wannan takarda hannu da hannu, don maganar ba ta waya ba ce.

Ka san aikina a ɗakin gwaji. Ni ke karɓar kofin fitsari daga ma'aikatan da ake turowa gwajin ƙwaya. A jikin kowane kofi akwai ɗan layi. In fitsarin yanzu ya fito daga jikin mutum, ɗuminsa yakan mai da layin kore. In bai yi kore ba, ƙa'ida ta ce a sake, kuma wani ma'aikacinmu ya shiga banɗakin ya tsaya a kan mutum.

Shekaranjiya mutuminka ya zo, ɗan takarar nan da ke cewa in ya hau mulki sai an gwada kowane ma'aikaci a ƙasar nan. Ya zo da 'yan jarida, ya ce da shi za a fara. Ya shiga banɗaki shi kaɗai, ya fito ya miƙo mini kofi, fuskarsa na wajen masu ɗaukar hoto. Yaya, kofin da sanyi. Tun kafin in duba layin na ji a tafin hannuna. Layin kuwa baƙi ƙirin.

Ban ce yana shan wani abu ba. Ban ga kowa ya ba shi komai ba. Iyakar abin da na sani ke nan, kofin da sanyi.

Oga ya ce in sa hannu cewa na karɓa daidai, wai in mutumin ya ci zaɓe mu za a ba aikin gwajin duka. Na roƙi ya ba ni lokaci. Ka tuna har yanzu ba a tabbatar da ni a aikin ba. Me ka gani? Don Allah kada Inna ta ji.

Autarku.

*

Auta, Likitar Fitsari,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau muke, Antinki na gaishe ki. Wai kada Inna ta ji? Ai Inna ta ga hannunki a talabijin, hannun kawai, ta ce ko cikin dubu za ta gane shi. Unguwa duk ta sani.

Ke dai tun kina ƙarama haka kike, ko ruwa aka aike ki saya sai kin karanta jikin leda. Dattijo ne fa. Ƙila ya daɗe yana gyara wando, ga na'urar sanyin nan taku da ke daskarar da mutum.

Bari in faɗa miki abin da ba a koya muku a jami'a. Ni ke kan titi. Na san direbobin da ke watsa ƙwaya a baki su ja tirela ido jajur, na kuma san wanda muka kwashe a cikin bargo saboda irinsu. Duk masu neman kujerar nan, shi kaɗai ya taɓa maganar. Yanzu a kan kofi ɗaya za ki ba maƙiyansa abin faɗa? Sa hannu, Auta. Aiki ba a tsintarsa a ƙasa.

Yayanki, direban da babu kamarsa.

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da amsarka, kuma ban raina maganarka ta titi ba. Ni ma ina son a yi gwajin.

Zancen sanyin ɗaki ya tsaya mini a rai, don haka na gwada. Na zuba ruwa mai ɗumin jiki a irin kofin, na ajiye a banɗakin, na bar shi fiye da yadda mutuminka ya daɗe a ciki. Layin ya yi kore. Na sake da wani kofi daga kwali ɗaya da nasa, ko kofunan ne suka lalace. Shi ma ya yi kore. Na so ƙwarai ya ƙi yin kore, don maganarka ta zama gaskiya.

Ranar da ɗan takarar ya zo, da safe, an turo wani tsohon maigadi daga kamfanin siminti. Nasa ma bai yi kore ba. Na ce sai ya sake, a tsaya a kansa. Ya dube ni ya ce, "'Yata, na yi jika da ke." Na ce Baba ka yi haƙuri, ba ni na kafa dokar ba. Ya koma ya sake, kansa a ƙasa, kuma ba a sami komai a jikinsa ba. Da bakin da na faɗa masa haka zan ce na wancan ya yi daidai?

Na rubuta "a sake" a littafin aikinmu, ban sa hannu a takardar ɗan takarar ba. Oga bai yi faɗa ba, ya dai mai da ni wajen wanke kwalabe. An gwada abin da ke cikin kofin, babu ƙwaya, haka kuma suka sanar. Gaskiya ne babu. Fitsarin waye, shi ne ban sani ba.

Ba na iya cin abinci sosai. Ka sa ni a addu'a.

Autarku.

*

Auta,

Ina gaishe ki. Yau babu tsokana.

Kamfaninmu ya ce ba zai jira zaɓe ba, ya fara gwada direbobi. Mu ko layi ba a duba mana, kowa sai an tsaya a kansa. Wani yaro sa'anki ya bi ni har ciki, ya harɗe hannu yana kallona kamar mai jiran shayi ya tafasa. Ni da 'ya'yana a makaranta. Wallahi da ƙyar abin ya zo. Na daure, na ce ai don titi ne.

Da yamma na bi ta filin taro. Ga mutumina a kan mota yana ɗaga takardarku sama, yana cewa shi ya fara, wa ya isa ya ƙi? Jama'a na ta ihu. Na ɗaga hannu zan yi nawa ihun, sai na ji ya yi nauyi.

Ban ce na bar shi ba, kada ki yi murna. Har gobe ina son dokar. Amma in za a tsaya a kaina, ban ga abin da zai hana a tsaya a kansa ba. Maganar da na yi miki ta sa hannu, ki ajiye ta gefe. Ki ci abinci.

Yayanki.

*

Yaya,

Salam. Wani ɗan jarida ya lura gurbin mai karɓa a takardar gwajin babu sa hannu. Jiya mai taimaka wa ɗan takarar ya zo da kansa, Oga na tsaye. Na ce masa abin mai sauƙi ne, ranka ya daɗe ya dawo ya sake, kofuna na nan. Ya yi dariya ya ce, "Mutum kamarsa za a tsaya a kansa?" Na ce haka ake yi wa kowa.

Oga ya ce ko hannu ko ƙofa. Na miƙa farar rigata ta aiki da safen nan.

In motarka za ta biyo ta nan ƙarshen mako, ka tsaya ka ɗaukar mini katifa da akwati. Inna kuma ni zan faɗa mata da bakina, amma ina so kana zaune.

Autarku.