Motar Tattasan Da Na Ce Ta Gida Ce

Assalamu alaikum Tanti, ke da duk masu karanta wannan shafi. Ina gaishe ku daga Diffa, bakin Komadugu. Don Allah kada a buga sunana, sunayen da za ku gani a nan ma duk na sauya su. Ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina.

Ni 'yar manoman tattasai ce. Garkarmu tana gab da kogi, tun kakan Baba ake nomanta. A gidanmu ni kaɗai na yi karatun boko har na gama lise, wato babbar sakandare, yanzu ina koyarwa a wata firamare. Duk takardar da ta zo da Faransanci, Baba ba ya ko buɗe ta, ajiyewa yake yi sai na dawo. Wanda bai taɓa zama kwarinmu lokacin shanya ba, ba zai gane abin da zan faɗa ba. Ƙasa takan yi ja har iyakar ganinka, kamar faɗuwar rana ta sauko ta kwanta a gonaki. Abin kyau ne, wallahi. Amma yajin yana shiga tufafi, yana shiga gashi, har cikin littattafai. A lise, in na shiga aji sai wasu 'yan mata su fara atishawar ƙarya. Shugabarsu, in kira ta Rakiya, ita ta laƙaba mini Madmazel Tattasai. Nakan yi dariya tare da su, in na koma gida in yi ta cuɗa rigata har hannuna ya yi zafi. Tattasan nan ne ya saya mini rigar, shi ya saya mini sabulun ma. Na sani. Sanin bai hana ni jin kunya ba.

A ajin akwai wani yaro, in kira shi Iliya, ɗan wani ma'aikacin gwamnati da aka turo daga kudu. Kirista ne, mai sanyin magana. Shi bai taɓa yin atishawar ba. Ban taɓa gaya masa komai ba, shi ma bai taɓa gaya mini ba, kuma na san gidajenmu ba za su haɗu ba. Abin da ke tsakaninmu bai wuce gaisuwa da aron littafi ba, amma ni a kan wannan gaisuwar na gina gari guda a cikin zuciyata, ni kaɗai nake yawo a cikinsa.

Bara yayana, Ya Bukar, ya gaji da masu motocin haya da ke cinye rabin wahalarmu kafin buhu ya isa kasuwa. Ya yi ta lallashin Baba har ya yarda mu sayi tamu. Aka samu tsohuwar motar wani proje na masu aikin raya karkara, fara, mai ƙofa huɗu da bayan ɗaukar kaya. Asusun ajiya da bashi na garinmu, wanda muke kira kes, ya yarda ya ba da kuɗin a riƙa biya bayan kowane girbi, amma da sharaɗi biyu: Baba ya sa garkarmu jingina, kuma a yi wa motar cikakkiyar asuransi, irin inshorar da ko motar ce da kanta ta lalace kamfani zai biya. Ranar zuwa ofishin asuransi Baba ya miƙo mini kuɗin a ɗaure cikin hankici ya ce, "Ke za ki shiga. Ni da na ga tebur da fanka sai harshena ya yi nauyi." Ya Bukar ya wanke motar tas, ya kai ni, ya ajiye ta a bakin ofis, ya wuce neman man injin ban-ruwa.

Tanti, ban san Iliya ya samu aiki a wurin ba. Ban kuma san Rakiya ce sakatariya ba. Ina ɗaga labule ta dube ni, ta toshe hanci ta yi atishawar nan tata ta dā, ta ce, "A'a, Madmazel Tattasai! Yau kasuwa a ofis take ci?" Iliya ya ce, "Rakiya, bari mana, ai mun girma." Ya jawo mini kujera. Sai Rakiya ta leƙa taga ta ga motar tana ƙyalli a rana, muryarta ta sauya, ta ce, "Wannan taku ce? Kai, kamar ta darakta!" Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Kamar wanda ya daɗe tsaye a rana aka ce masa shigo inuwa. Iliya ya ɗauki alƙalami ya ce, "Wane aiki za ta yi? Ta zirga-zirgar gida ce, ko ta ɗaukar kaya da haya? Kuɗinsu daban, sharaɗinsu ma daban." Na ji bakina ya ce, "Ta gida ce." Ya ɗago kai ya dube ni. "Kin tabbata? In za ta riƙa ɗaukar kayan kasuwa, gara mu rubuta haka tun yanzu." Rakiya ta daina buga na'urarta, tana saurare. Na ce, "Na ce maka ta gida ce. Baba ne zai riƙa zuwa asibiti da ita, da biki da ta'aziyya." Ya yi murmushi ya ce, "To madalla," ya rubuta.

Ko dala ban ci ba, Allah shaida ne. Abin da ya saura na mayar wa Baba a cikin hankicinsa. Ya yi ta murna yana ce wa Iya, "Kin ga amfanin boko? Har ragi aka yi mana." Na ce a raina gobe zan koma in gyara. Gobe ta zo, na ce jibi. Ta yaya zan sake ɗaga labulen nan in ce ƙarya na yi? A gaban wa? Sai na fara lallashin kaina: ai takarda ce kawai, jandarma a hanya kwanan wata suke dubawa, wa zai tsaya karanta sauran? Me zai samu motar da Ya Bukar yake tuƙawa kamar yana ɗauke da ƙwai?

Tattasai ya yi kyau bana. Motar ta yi ta jigila, namu da na maƙwabta, Ya Bukar har ya fara zancen aure. Wata rana da azahar, a hanyar Maine, tayar gaba ta fashe da lodi a kai. Motar ta juya ta kife. Ya Bukar ya rayu, alhamdu lillahi, amma ƙafarsa ta karye daga cinya, har yau da sanda yake dogarawa. Da na je wurin, na tarar buhuna sun farfashe, jan tattasai ya malale kan kwalta da yashi, iska tana ɗibansa, mutane suna tari suna kwashewa. Farar motar tana kwance a tsakiya kamar saniyar da aka yanka. Jandarma suka rubuta abin da suka gani, har da sunayen masu buhunan.

Duk da haka Baba bai karaya ba. Yana ce wa masu jaje, "Mota tana da asuransi, 'yata da kanta ta yi." Da mutumin kamfani ya zo daga Zinder, a zaurenmu aka zauna, kuma ni ce tafinta. Ku duba wannan, ni aka sa a tsakiya. Mutumin ya yi bayaninsa da ladabi, Baba ya juyo ya ce, "Me ya ce?" Na ce, "Ya ce ba za su biya ba." "Don me?" "Ya ce an rubuta motar gida ce, ita kuwa kayan haya ta ɗauko." "Wa ya rubuta haka?" Ya Bukar daga kan tabarma ya ce, "Wane ne in ba yaron ofishin nan ba?" Baba ya dube ni, ba da tuhuma ba, irin kallon da ake yi wa wanda aka tabbata da shi, ya ce, "Ai kin gaya masa ta tattasai ce ko, 'yata?" Tanti, a nan ne Allah ya buɗe mini ƙofa, na rufe ta da hannuna. Na ce, "Na gaya masa."

Ƙaryar farko ta kashe mota. Ta biyu mutum take ci. Kafin mako ya zagayo, zance ya cika tasha da kasuwa cewa Iliya ya karɓi kuɗin babbar asuransi ya yanka ƙarama, ya sa sauran a aljihu. Ni ban faɗi haka ba, amma ban ƙaryata ba. Baba ma ya manta da ragin da ya yi wa murna, ko kuwa ya ɗauka shi ne dabarar rufe mana baki. Wasu har sun jawo addini cikin maganar, suna cewa dā ma ba namu ba ne. Mahaifiyarsa tana sayar da soyayyen fanke kusa da makarantarmu, na ga yadda mata suka fara wuce tirenta ba ko gaisuwa. Kamfani ya dakatar da shi sai an gama bincike. Rakiya, wadda ta ji komai da kunnenta, ta ce ƙarar na'ura ta hana ta ji. In mun haɗu a hanya ita ke kau da kai, ni ma in kau da nawa.

Makon jiya bayan an tashi yara na gan shi yana taya mahaifiyarsa ɗaukar kaya. Ya rame. Na jira ta yi gaba, na ce, "Iliya." Ya ce, "Malama, ya jikin yayanki?" Jikin yayana ya tambaya! Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba?" Ya ce, "Na faɗa wa shugabana, ya ce ina shaida. A gari kuwa, in na ce 'yar gidanku ce ta yi ƙarya, wa zai saurare ni? In ma sun saurara, ke a wane gida za ki kwana?" Ya ce, "Abu ɗaya nake so in sani. Don me?" Na ce, "Kunya na ji." "Kunyar me?" "Tattasai." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗi ko kaɗan, ya ce, "Tun muna aji na san garkarku. Mama tattasanku take saye, takan ce ya fi na kowa ƙanshi. Ranar nan na ɗauka kun riga kun sayi babbar mota ta kaya, wannan ta hutun Baba ce. Har murna na yi miki." Ya ɗauki kwandon ya bi mahaifiyarsa. Bai zage ni ba. Ina ma ya zage ni.

Ga inda nake yanzu. Kes ta fara aiko mutum yana tambayar biyan bana, kuma ba motar da za ta biya kanta. Wani da ya san shari'a ya gaya wa Baba cewa in aka tabbatar kuskuren daga ma'aikacin kamfani ne, dole kamfani ya biya, garka ta tsira. Baba da Bulama, mai unguwarmu, sun yanke shawarar kai ƙarar Iliya, kuma ni ce shaidarsu guda. Shekaranjiya Baba ya dawo daga kasuwa da farar takarda da sabon alƙalamin bik, ya ajiye a gabana ya ce, "Ki rubuta da Faransancinki mai kyau, yadda alƙali zai ji tausayinmu. Ki faɗi yadda kika gaya masa, shi kuma ya rubuta son ransa." Na ce masa kaina yana ciwo. Jiya ma haka na ce. Yau Iya ta jiƙa mini magani, ta zauna tana shafa mini goshi tana cewa baƙin cikin abin da yaron nan ya yi mana ne.

In na rubuta, wataƙila garkar kakanninmu ta tsira, amma zan dafa Alƙur'ani in rantse a kan ƙarya, in kai mutumin da bai taɓa yi mini ko kallon raini ba gidan kaso, ko in kore shi daga garin da ya girma a ciki da sunan ɓarawo. In na faɗi gaskiya, shi zai wanku, garka ta tafi, Ya Bukar ya san wadda ta sa ƙafarsa ta karye a banza, Baba kuma ya ji cewa 'yar da ya yi wa wahala kunyar sana'arsa take ji. Wannan na ƙarshe shi ne ban san yadda zai fito daga bakina ba. In fara gaya wa Iya? In je wurin Bulama ni kaɗai? Akwai wanda ya san ko kes tana yarda ta ƙara wa mutum lokaci in ya je da gaskiyarsa? Albashina ƙarami ne, amma zan ba da shi duka, ko shekara nawa za a ɗauka.

Zuciyata ta san abin da ya dace, ƙafata ce ta ƙi tashi. Baba ya ce ranar kasuwa mai zuwa za su shiga wurin alƙali, kuma yanzu haka ina jin muryarsa a tsakar gida yana tambayar Iya ko kaina ya yi sauƙi.

Tanti, 'yan'uwana masu karatu, don girman Allah ku gaya mini: me zan yi?

Taku,
wata 'yar bakin Komadugu