Ashirin da Takwas a Kan Allo

Maamobi, Litinin

Zuwa ga Sadia, Maman Hamdia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Hamdia. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi, ki ce ina duba ta.

Sadia, hankalina ba a kwance yake ba. Tun da kuka tafi Kumasi jinya abu ya same ni, abinci ma a tsaye nake ci. Makon jiya na koya wa 'yan ajina ashirin da takwas, kin san yadda nake son lambar nan. Na rubuta musu lambobin da ke raba ta ba saura, ban da ita kanta: 1, 2, 4, 7, 14. Na ce su haɗa. Suka haɗa, sai ga ashirin da takwas ta dawo cif! Irinta ake kira cikakkiyar lamba, kuma ƙasa da ɗari daga ita sai shida. Na jera musu murafun kwalba, ɗaya, biyu, uku har layi na bakwai, ta fito da kusurwa uku, yara suna ta tafi.

Ashe Awudu kafinta da ya zo gyaran taga ya ɗauki hoton allon a wayarsa. Lambobi biyar a jere da alli, sak irin allon masu hasashen loto na bakin titi, cacar nan ta lambobi daga ɗaya zuwa casa'in. Ya je ya buga, biyu suka fito, ya ci kuɗi. Wayyo ni Zakaria! Yanzu hoton ya zaga unguwar Nima, ya kai har unguwar Malam. Mai waakye, shinkafa da waken nan, kallon waliyyi take min. Wani har cewa ya yi ai haruffan Larabci ashirin da takwas ne, don haka akwai asiri a ciki. Ƙofarmu ba ta rabo da mutane.

Kwamitin makaranta sun kira ni ranar Alhamis mai zuwa, wai ina koyar da caca a Islamiyya. Wallahi tsoro nake ji, aikin nan shi ke riƙe da mu. Ki taya ni da addu'a.

Mijinki mai kewarki,
Zakaria

Maamobi, Jumma'a

Sadia,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Hamdia. Da fatan jiki ya yi dama.

Ba zan ɓoye miki ba, sun sallame ni. Na tafi da murafun kwalbata, na zube a tebur don su gani da idonsu lissafi ne kawai, ko kallo ba su yi ba. Shugaban kwamiti, Alhaji Husseini, shi ya fi kowa zafi. Ya rantse bai taɓa sanin yadda ake buga loto ba, ya ce na zubar da mutuncin makaranta. Raina ya ɓaci.

Ina fita sai ga shi ya biyo ni bakin ƙofa, ya ja ni gefe, ya sassauta murya. Wai tunda dai abin ya riga ya faru, ko akwai wata lamba irin waccan? Na ce akwai, mai bi mata ita ce 496, ita ma cikakkiya. Sadia, ko numfashi bai ja ba ya ce ai wannan ta wuce casa'in, ba ta buguwa.

Na kasa zama, na kasa kwanciya, sai zagaye ɗaki nake. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Naki,
Zakaria