Fatenmu da ta zubar a bola, yau shi take lakca a kai

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, don abin nan ya tsaya min a wuya.

Ni 'yar Ƙofar Jatau ce, na yi jami'a a Samaru a shekarun casa'in. Ɗakinmu ɗaya a hostal da wata 'yar layinmu, bari in kira ta Hajara. Tare muka tashi, amma tana saka ƙafa a jami'a ta zama Baturiya, Hausa ma sai ta ga dama take ji. Burodi da kifin gwangwani da lemon kwalba, shi ne wayewa a wajenta, alhali na san tukunyar gidansu, kukar da muke kaɗawa ita suke kaɗawa.

Mahaifiyata, Inna, ba ta yarda da cimar makaranta ba, ta ce ba ta riƙe ciki balle ƙwaƙwalwa. Baffana yana aiki a Samaru, to shi take ɗaura wa langa biyu a bayan babur, ɗaya tawa ɗaya ta Hajara, don a wajen Inna ba ka ciyar da naka ka bar ɗan maƙwabci yana kallo. Yau faten tsaki da yakuwa, gobe tuwon dawa miyar kuka, wata rana dambu ko kwaɗon zogale. Hajara ko loma ɗaya ba ta taɓa kaiwa baki ba. Ta toshe hanci, ta ce warin daddawa na kama mata kaya, ta fesa turare a gaban ƙawayenta suna dariya. Na ce ta ba masu so, ta ce kar a ji a hostal an ce daga gidansu ake kawo wannan. Sai ta juye a bola, ta wanke langar, ta jefa sabulu ko alewa a ciki, tunda a cikin birni ba a mayar da kwano haka nan. Inna kuwa in ta buɗe ta ga sabulu sai ta yi ta sa albarka, wai yarinyar nan akwai tarbiyya. Ni na ja bakina, don na san ƙarfe nawa Inna ke tashi surfe.

To yanzu Hajara ta zama Dakta, wai masaniyar abinci mai gina jiki. Tana yawo jami'o'i tana gaya wa ɗalibai su bar taliyar leda su koma dawa da zogale, har da lumshe ido in ta ambaci daddawa. Wallahi duk sanda na gan ta a waya sai na ji kamar in tofar da yawu. Ban ce mutum ba ya canzawa ba, amma ita ba cewa take ta canza ba, cewa take da fate ta yi digiri.

Satin da ya wuce ta zo gidanmu da atamfa da turare, ta durƙusa har ƙasa a gaban Inna, ta ce akwai taron ɗalibai a ƙarshen wata, tana so Inna ta hau mumbari a nuna ta a matsayin uwar da ta ciyar da ita. Na bi ta zaure na ce ba ta ji kunya ba? Ta ce in daina tone-tone, ai saƙon mai kyau ne, kuma ɗalibai za su amfana. Ko a jikinta.

Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma tun ranar bakinta bai rufu ba. Ta kai atamfar ɗinki, ta gaya wa duk matan layi. In na faɗa mata gaskiya na rushe mata abin da take alfahari da shi tun muna 'yanmata. In na yi shiru, na zauna ina kallo a yi tallan ƙarya da furfurar uwata.

Jiya bayan la'asar Inna ta kira ni, ta ce tana so ta dafa wa Hajara wani abu da hannunta ranar taron. Ta ce, "Ke kika zauna da ita. A cikin girkina wanne ta fi so?"

Na ce mata zan tuna. Jama'a, gobe za ta sake tambayata. Me zan ce mata?