Tsagar Kumatun Kaka

Yaya Isufu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina kwanan iyali? Yaya ƙafar Inna, yaya zafin Tawa? Mu nan unguwar Kalley sai godiya.

Littafin soyayyar zamanin da wanda na buga da kaina ya fito. Labarin Kaka ne, yadda aka sayo ta baiwa har ɗan gidan ya so ta. Na sake suna, na sake gari, ni ma na sa sunan aro. Amma tsagar kumatunta na bar ta yadda take: uku a dama, ɗaya a gicciye.

Ranar Talata Malam Sani, mai sayar mini da shi a Babbar Kasuwa, ya kira ni. Ya ce wani dattijo ya zo, ya buɗe shafin tsagar nan kai tsaye, ya ce, "Gidanmu kaɗai ke yi wa bayi wannan tsaga. 'Yar wa ce ta rubuta?" Malam Sani bai faɗa ba. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki littafin guda biyu, ya ce ɗaya na ƙanensa ne a Tawa, mai aurar da ɗa bayan Sallah.

Janye littafin ba ya yiwuwa, shafukan sun riga sun bazu a wayoyi.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa, kada Inna ta ji tukuna.

Yaya, bikin 'yarka Zainabu ma bayan Sallah ne. Ɗan wane gida ne angon?

Ƙanwarka,
Rakiya