Ku Tambayi Uwar Ɗan Fari Ita Kaɗai

Zuwa ga Shugabar Ma'aikatan Jinya ta asibitin da muke kai yaranmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki da aiki, da fatan kina lafiya ke da iyalinki da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinki.

Ranki ya daɗe, ni matar manomi ce daga wani ƙauye tsakanin Anka da Bukkuyum. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, sai Islamiyyar matan aure, don haka ki yi haƙuri da rubutuna. Ba zan kama sunan asibitin ba, ba zan kama sunan kowace nas ba, don ba so nake a raba wata da aikinta ba. So nake a ji ni kafin ranar Litinin, kuma zan faɗi dalili.

Daminar bara, lokacin da gero ya fara fidda kai, ɗana na fari ya kwanta da zazzaɓi. Shekararsa biyu da 'yan watanni. Muka hau kabu-kabu ni da shi da uwar mijina, wadda nake kira Inna, aka ba mu gado a ɗakin yara. A bayana na kawo shi. Rana ta huɗu, a hannun babansa ya koma gida, naɗe cikin zanena. Na san ajali ne, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma akwai abubuwan da suka faru a ɗakin nan da na kasa haɗiyewa.

Na farko. Hajiya, ke ma kin san al'adarmu. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi a gaban surukai. Nawa kuma sunan mahaifin mijina aka sa masa, kunyar ta zama biyu. "Yaron nan" nake ce masa tun ranar suna.

Kullum da safe nas takan zo da takarda a hannu, ta tsaya daga ƙarshen gado, ta tambaya ko ya sha magani. Inna ce ke amsawa, don ita ce babba. Sai ta ce ya sha. Ba ƙarya ta yi ba, a gabanta yake haɗiyewa. Amma da ya haɗiye Inna takan tafi gidan 'yan uwanta a cikin gari ta karɓo mana kunu, kuma ba ta kai ƙofar asibiti sai ya amayar da shi duka. Ni ke tarewa da gefen zanena, in je bakin famfo in wanke. Ni na ga fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi. Ni na ga tafin hannunsa ya yi fari. Sau ɗaya na gaya wa Inna cikin raɗa, ta ce haƙori ne, ita da ta raini yara tara ta fi ni sani. Daga nan bakina ya mutu. Kwana uku ana rubuta ya sha magani, babu wadda ta dube ni ta tambaya ko maganin ya zauna.

Na biyu. A rana ta biyu wata nas ta ga na juya wa gadon baya. Ta ce wa abokiyar aikinta, da ƙarfi yadda duk ɗakin zai ji, wai ga wata uwa ko kallon ɗanta ba ta yi, wai mu mutanen ƙauye haihuwa kawai muka iya. Wasu mata suka yi dariya. Da ta ɗan sunkuya, da ta ga hannuna a ƙarƙashin mayafi riƙe da ƙafarsa. Tun safe nake riƙe da ita. Bayan wannan magana, sau biyu na tashi in bi bayanta waje in gaya mata zancen aman, sau biyu na kai bakin ƙofa na dawo. Wannan laifina ne, kuma har yau bai bar ni na yi barci mai daɗi ba. Amma ita ma da nata.

Na uku, kuma don shi ne ban yanke ƙauna daga gare ku ba. Safiyar rana ta huɗu wata dattijuwar nas ta karɓi aiki, daga maganarta na gane mutuniyar Gummi ce. Ta dubi zanena da ke jiƙe, ta dubi inda hannuna yake. Ta miƙa wa Inna fulas, ta ce don Allah Inna ta samo ruwan zafi, ta kuma kwatanta mata wuri mai nisa. Da Inna ta fita, ta zauna kan tabarmata, ta tambaye ni ko ɗan fari ne. Na gyaɗa kai. Ta ce, "Ɗiyata, kar ki dube ni, kar ki faɗi sunansa. Ga bango nan, gaya wa bango, ni kuwa ina nan ina gyara takalmina." Na gaya wa bango komai. Ban ƙarasa ba ta miƙe da gudu. Aka sa masa ruwa, aka yi masa allura, aka ce jininsa ya ƙare, aka buga wa babansa waya ya baro gona ya zo a ɗebi nasa. Ana cikin gwada jinin, bayan la'asar, rai ya yi halinsa.

Hajiya, abin da dattijuwar nan ta yi bai kai tsawon sallar raka'a biyu ba. Ba ta da wani magani da sauran ba su da shi. Zama kawai ta yi. Me ya hana a yi wannan zaman a ranar farko?

Na huɗu. Ba a gaya mini ya rasu ba. An ja labule, an kira Inna da babansa gefe. Ni sai gani na yi ana cire masa robar ruwan daga hannu. Ban iya kuka ba, don surukata na tsaye. Dattijuwar nan ce ta kama hannuna ta kai ni wani ɗan ɗaki da ake ajiye bokitai, ta rufe ƙofa, ta tsaya a waje tana gadi har na gama.

Ga dalilin gaggawata. Ƙanwata Rabi tana aure a gefen Bukkuyum. Ɗanta na fari, wata takwas, yana fama da zazzaɓi da amai, an ba su magani an ce su dawo asibitinku ranar Litinin. Surukarta ce za ta kawo ta. Rabi ta fi ni kunya nesa ba kusa ba, ko ruwa ba ta sha a gaban surukarta. Ni kuma kwanana goma sha biyu da sake haihuwa, ina wankan jego, ba za a bar ni in fita ba. Na kira ta a wayar mijinta na roƙe ta ta gaya wa nas komai har na yi kuka, ta ce to. Na san irin wannan "to" ɗin, ni ma na sha faɗinsa.

Don Allah, don Annabi, ga roƙona. Duk yaron da aka kwantar, a fara tambaya ko ɗan fari ne. In shi ne, a san dabarar da za a aiki kaka wani wuri cikin mutunci, a tambayi uwar ita kaɗai. A zauna, kar a tsaya a kanta da takarda. Kar a tsaya a kan ya sha ko bai sha ba, a tambaya ko ya amayar, yaya fitsarinsa, yana kama nono ko ya saki. A daina yi wa mace ba'a don ta sunkuyar da kai. In kuma an yi rashi, a gaya wa uwa da baki, a ba ta wurin kuka. Ku sa dattijuwar nan ta koya wa matasanku, ta san mu.

Za ku gane Rabi. Doguwa ce siririya, za ta zauna nesa da gado tana kallon ƙasa kamar yaron ba nata ba ne. Nata ne. Ku duba inda hannunta yake.

Allah ya ƙara miki lafiya da haƙuri, ya sa albarka a hannuwanku, ya raya naku 'ya'yan, ya saka wa dattijuwar nan da Aljanna. Wadda ta yi mini dariya kuma na yafe mata, in dai za ta zauna kusa da Rabi.

Shekara biyu da 'yan watanni ban kira sunansa ba ko sau ɗaya, ko muna mu biyu a ɗaki. Yanzu babu sauran wanda zan ji kunyarsa, don haka da shi zan sa hannu.

Wassalam.

Ni ce,
Uwar Sulaimanu.